Saiwar Sanya da Ɓerayen Tsado

"Ina yake? Ina mai ɓerayen?!"

Muryar Nna Kashi ta cika barandar ɗakin binciken jami'ar, har ɗalibai suka fara leƙowa ta taga. Tun da sassafe ta hau mota daga Kutigi, ko kunu ba ta kurɓa ba. Jikarta Wusa na biye da ita tana jan bakin mayafinta.

"Nnako, don Allah ki rage murya... ana kallonmu."

"Su kalla! Shi da ya shiga rediyo ya rage tasa ne?"

Tsado ya fito cikin farar riga har gwiwa. Yana ganinta ya zube ya tsuguna, yadda ya saba tun da ya fara neman auren Wusa.

"Sannu da zuwa, Nnako. An zo lafiya?"

"Riƙe gaisuwarka. Ni ba kakarka ba ce."

Shekara arba'in da ɗoriya tana ba da saiwar sanya a Kutigi, ga masu ciwon gaɓoɓi da ciwon kai mai naci. Wata shida da suka wuce yaron nan ya zauna a tabarmarta, ya cinye tuwon shinkafa da miyar wake har da neman ƙari, sannan ya roƙi saiwar wai zai auna ta. Ta ɗaure masa dami guda saboda suruki ne. Sai ranar Laraba ga muryarsa a rediyo, da Nufanci tsantsa yadda kowace tsohuwa za ta gane: wai ya ba ɓeraye, hantarsu ta lalace, wasu sun mutu. Bai kama sunanta ba, ya dai ce daga Kutigi ya samo. To wa ke ba da sanya a Kutigi in ba ita ba?

Jiya a kasuwa, matar da ta yi wa jinyar ƙafa wata uku ta hango ta, ta sauya hanya.

"Faɗa min," ta nuna shi da yatsa, "me ka yi wa saiwar?"

"Na shanya ta, na niƙa, na jiƙa a sinadari, na tace..."

"Ɗanya?!"

"Yadda kika ba ni."

"Innalillahi! Ai ko jaki aka ɗura wa haka sai an haƙa masa rami! Wa ya ce maka haka nake bayarwa?"

"Na tambaye ki, Nnako. Kika ce jiƙawa kawai ake yi a sha."

Haka ta ce, ba ta musu. Abin da ake yi wa saiwar tsakanin tonowa da bayarwa ba a faɗa wa bare, daga uwa sai 'ya. Ita kanta Wusa sai da ta rantse da nonon da ta sha kafin a nuna mata.

Tsado ya miƙe a hankali, idonsa a kan yarinyar.

"Wusa... ke ma kin sani?"

Ta sunkuyar da kai.

"Wata shida! Kullum muna waya, ina faɗa miki ɓerayena na mutuwa, kina ce min Allah ya kyauta!"

"Rantsuwa na yi, masoyina... Ai na roƙe ka kar ka je rediyon nan."

"Kin faɗa min dalili?"

"Da wane bakin? In na faɗa na ci amanarta, in na yi shiru na cuce ka. Wallahi rabona da barci mai daɗi..." Kuka ya ƙwace mata.

"Kai!" Nna Kashi ta buga sandarta a ƙasa. "Kar ka juye min laifi kan yarinya. Hakkina na zo karɓa. Ka koma rediyon ka ce ƙarya ka yi."

"Ban yi ƙarya ba, Nnako. Yanzu haka ana tallar ta ɗanya a tashoshin mota, mutane na saya suna sha. In na ce ba ta cutarwa, wani ya mutu, ni na kashe shi. Naki ne ban auna ba. Ki nuna min yadda kike yi, in sake aunawa. Abin da ya fito shi zan faɗa, da daɗi ko ba daɗi."

"In na ƙi fa?"

"Sai dai ki yafe min."

"To buɗe kunnenka. Ka ce wa iyayenka su aiko a kwashe kayansu, an fasa auren! Wusa, wuce mu tafi."

Ta ɗauka yarinyar za ta yi gardama, har ta tanadi zagin da za ta yi mata. Amma Wusa ta share fuska, ta dubi Tsado sau ɗaya, ta bi bayanta.

A kan matakala Nna Kashi ta waiwayo. Yarinyar ta cusa gefen mayafi a baki tana cizo don kar a ji kukanta. Tsohuwar ta tsaya cak. In ta koma gida haka, me ta samo? Sunanta na nan a mai ba da guba. Sirrin na nan a ɗaki, ba mai zuwa nema. Ga kuma wani abu da ta ƙi faɗa wa kowa tun ranar Laraba, abin da ke hana ta cin abinci: in nata maganin ma yana ci wa mutane hanta a hankali, ba ta sani ba fa?

Ta ja tsaki mai tsawo, ta juya.

"Kai mai ɓeraye! Kuna da tukunyar ƙasa a nan?"

"A'a, Nnako."

"Ji wurin ilimi, ko tukunya babu! Asabar ka zo Kutigi da littafinka. Kwana uku aikin yake ci, kuma ba a kujera ake yin sa ba."

Wusa ta dafe ƙirji. "Nnako... rantsuwar fa?"

"Na sauke miki. Alhakin na wuyana. Ni zan amsa wa uwata ranar da muka haɗu."

Tsado ya sake durƙusawa. "In naki ma ya kashe su fa, Nnako? Ba zan iya ɓoyewa ba."

Ta daɗe tana kallon hannayenta, waɗanda saiwa ta rina shekara da shekaru.

"In ya kashe su, ba kai za ka faɗa ba. Ni za ka kai. Da bakina zan ce wa mutanen Kutigi kar su ƙara sha, su yafe min."

Wusa ta faɗa jikinta ta ƙanƙame ta tana kuka.

"Sake ni, ke kuma, za ki karya ni!" Ta goge idonta da bayan hannu. "Je ki ɗaga mijin naki daga ƙasa. Ƙato da shi yana hawaye a gaban ɗalibai."