Sunan da Malam Ya Sauke

'Yata ta fara ganinsa ne a ɗakin kwalabe, ranar da na aike ta ta kai wa babanta maganinsa. Ɗaki ne mai sanyi da warin sinadari, kantoci cike da ƙananan kifaye a jiƙe. Saurayin yana kan tsani rungume da kwalba, ya kafe 'yata da ido har kwalbar ta kusa kuɓuce masa.

"Riƙe da kyau," ta ce. "Wannan kifin ya girme ka."

Tun ranar take ce masa Ɗan Kwalba, shi kuma yana ce mata 'Yar Malam.

Ɗalibin mijina ne. Mijina, Allah ya jiƙansa, a kan kifayen nan ya ƙarar da ƙarfinsa. Shi ya haɗa su dangi guda ya raɗa wa dangin suna, da sunan nan kuma duniya ta san shi. Ya sha faɗa mini ƙa'idar aikinsu: idan sunaye biyu suka faɗa kan dangi ɗaya, wanda aka fara bugawa shi ke tsayawa, ɗayan ya sauka.

Ana shirin turo manya neman aurenta, Ɗan Kwalba ya ci karo da wata tsohuwar mujalla. Ashe wani ya riga ya sa wa dangin suna tun Malam yana rarrafe. Bai ɓoye ba, har falo ya zo ya durƙusa ya faɗa.

"A inuwata kake zaune kana saran reshen?" in ji Malam. "Tashi. Ba ni da 'yar da zan ba ka."

'Yata ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta tura masa saƙo: "Ɗan Kwalba, ba za ka yi shiru ba? Ko don ni?"

Ya amsa: "'Yar Malam, don ke zan iya barin aikin gaba ɗaya. Amma in ɓoye abin da babanki ya koya mini bayyanawa, ba zan iya ba. Don Allah ki ci abinci."

Ta ɗauka ya fifita kifi a kanta, ta daina ɗaga wayarsa.

Ciwon Malam ya tashi. Wani abokin aikinsu, wanda shi ma ya daɗe yana son 'yata, ya zo dubiya yana ta gyara masa filo.

"Ranka ya daɗe, ai ni ma na ga mujallar tuntuni. Don girmanka na kama bakina."

Malam ya dube shi. "Ka gani, ka bar ni ina koyar da kuskure?"

Da mutumin ya fita, Malam ya ce da 'yata, "Uwata, kira mini wancan mai taurin kan."

Ɗan Kwalba ya zo kansa a sunkuye. Malam ya kama hannunsa.

"Rubuta gyaran, ka sa sunana gefen naka. Ni na ɗora sunan, ni zan sauke shi. Kuma ka turo manyanka kafin in sake fushi."

'Yata ta rufe fuska da mayafi, tana dariya tana hawaye.

A kan keken marasa lafiya aka kai Malam wurin ɗaurin auren, da bakinsa ya ba da ita. Bai ga fitowar gyaran ba. Ranar da ya fito, su biyun suka kawo mini, surukina ya karanta mini a hankali, 'yata tana riƙe da hannuna.

Allah ya haskaka kabarinka, Malam. Su kuma Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuri'a mai faɗin gaskiya.