Man Fuskar Da Ya Ɗage Biki

Auta na zaune a falo tana manna wa kwalaben man fuska takarda, sai ga Abba ya shigo ransa a ɓace.

"An ɗage bikin! Ki gaya wa Mai Gilashin naki."

"Abba, saura fa sati uku!"

"Sa hannu ɗaya na roƙe shi, ɗaya tak! Ya dubi tsabar idona ya ce a'a."

Shekara ashirin Abba ya yi yana haɗa man shafawa. Bana ya ƙara wani sinadari mai suna feftayid, wanda ake haɗawa a ɗakin gwaji, aka ce yana goge tamojin fuska. Saurayin Auta kuwa, wanda yayyenta suka laƙaba wa Mai Gilashi, ma'aikaci ne a hukumar da ke ba kayan shafa lasisi.

Ta kira shi tana kuka. "Haba, ko don ni?"

"Auta, ba a gama tantance sinadarin nan ba. In na sa hannu fuskar wata ta lalace, da wane ido zan kalle ki? Fayil ɗin ma na miƙa wa wani, kada a ce na yi son kai."

"To ni fa?"

Ya ce, "Ina nan. Ko shekara ce, ina nan."

Abba ya hana su ko gaisawa. Ta bi umarni, amma zuciya ba ta san umarni ba. Duk ranar da motar haya ta bi da ita ta gaban hukumar, sai ta ƙirga tagogi zuwa ta uku, ko za ta hango farar rigarsa. Sau ɗaya ta gan shi, ya sunkuya kan wani kwano, ya rame. Har ta wuce inda za ta sauka ba ta sani ba.

"Wannan tagumi ai sai ya sa miki tamojin da man Abbanki ba zai goge ba," in ji Umma.

Auta ta yi dariya, hawaye na zuba.

A wata na biyar sakamako ya fito: an yarda da sinadarin, amma ɗan kaɗan. Haɗin Abba ya ninka ƙa'ida sau huɗu. A satin ne kuma aka rufe masana'antar wani abokinsa da ya yi gaggawar kai nasa kasuwa, bayan mata sun yi ta zuwa asibiti fuska a kumbure.

Abba ya karanta takardar sau biyu, ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

"Auta... yaron nan yana fushi da ni?"

"Bai taɓa ba, Abba."

"To kira shi. Ki ce surukinsa ne ke neman afuwa."

Ta danna lambar. Ko ƙara ɗaya ba ta gama ba ya ɗauka.

Mahaƙurci mawadaci. Wanda ya ƙi yin ƙarya don ya same ki, ba zai yi miki ƙarya ba bayan ya same ki.