Daɓen Da Ba Ya Ƙona Ƙafa

Ranar wata Laraba cikin watan Maris na shekarar 1955, Ganiyu ya jingine kekensa a gaban wata rumfar buhuna a kasuwar Sabon Gari ya yi sallama. Mai rumfar, Alhaja Basirat, ta tafi bikin suna a unguwar Kwaciri. 'Yarta ce zaune a kan tarin buhunan gyaɗa tana ɗinke bakin wani da basilla.

"Tsofaffin buhuna nake nema," in ji shi. "Ko yagaggu ne ba komai."

Ta ɗago ta dube shi. Dogo ne siriri, garin siminti ya kwanta masa har a gira.

"Yagaggu? Me za ka zuba a ciki?"

"Ba zubi zan yi ba. Siminti zan lulluɓe da su."

"Sanyi yake ji?"

"Ƙishirwa yake ji."

Ta ajiye basillar. Ya yi mata bayani cewa a zafin Kano, in ka zuba kankare ka bar wa rana, sai ya bushe tun bai yi ƙarfi ba, ya tsattsage. Dole a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai.

"Mai jego ke nan," ta ce.

Ya yi dariya, ya tambayi sunanta. Ta ce Risikat. Ya ɗaure buhunan a bayan keke, ya kai bakin titi sannan ya tuna bai faɗa mata nasa ba. Sai ya juyo.

Ganiyu haifaffen Fagge ne, iyayensa Yarabawan Ilori. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, ya tashi a hannun wani magini, Malam Hambali, wanda ya koya masa riƙe cokalin gini. A bazarar nan ya samu aikin da ya fi duk wanda ya taɓa yi. Wani kamfanin Turawa masu sayen gyaɗa yana da kulob a bayan gari, a ciki akwai kwamin wanka. Shekara biyu da suka wuce aka yi wa bakin kwamin daɓen siminti baƙi, sumul kamar madubi. Da hantsi ya ɗaga, babu mai iya taka shi ba takalmi. In ya jiƙe kuwa sai santsi, har matar manaja ta taɓa faɗuwa ta goce gwiwar hannu. Daga baya ya tsage ta ko'ina. Aka kira Ganiyu ya farfasa ya sake sabo.

Buhunan da ya saya sun ishe shi, amma bayan kwana biyu ya koma. Ya sake komawa ranar Asabar. Alhaja Basirat ta lura cewa yaron nan buhu uku-uku yake saye, kuma yana daɗewa wajen zaɓe.

Risikat ta yi makarantar boko har aji shida, rubutunta ya fi nasa kyau. A cikin naɗin buhu ya fara tsintar takardarta:

"Malam magini, wannan buhun ba yagagge ba ne, na duba da kaina. In ka dawo gobe kada ka ce shi ya kawo ka."

Ya ba ta amsa a bayan takardar buhun siminti:

"Aduke, ban san ko sunanki ba ne, amma shi na zaɓa miki, sunan yabo irin namu na Yarabawa. Gobe zan zo, kuma ba buhu ne zai kawo ni ba."

Sai a zuwansa na biyar ya tambayi gidansu. Ta ce Fagge, ita 'yar Alhaji Yekini ɗan kwangila ce.

Ganiyu ya san sunan. Alhaji Yekini shi ne ya yi daɓen da yake farfasawa.

Duk da haka ya tura Malam Hambali nema masa izinin aurenta. Alhaji Yekini ya karɓe shi a zaure, ya sa aka kawo goro, ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce, "Malam Hambali, shekara talatin ina gini a garin nan. Tun da daɓen nan ya tsage babu Baturen da ya sake kira na. Yanzu yaronka da yake bin aikina da guduma shi ne zai zo ya durƙusa a nan? A gaishe shi."

Akwai wani dalilin kuma. Kazeem, akawun kamfanin, ya daɗe yana zuwa gidan neman Risikat da farar riga da agogo, kuma Alhaji bai ƙi shi ba. Da Kazeem ya ji labarin magini, sai ya zo da yamma ya zauna, ya ce akwai abin da ba ya son faɗa amma dole. Ya ce da hannunsa ya buga takarda a tafireta, inda aka rubuta cewa ɗan kwangilar farko ya rage siminti ya cika yashi, kuma maginin nan ne ya kai wa Turawa maganar.

Risikat tana bayan labule, ta ji.

Da Ganiyu ya je rumfa washegari, Alhaja ce kaɗai. Ta miƙo masa buhu ɗaya ba tare da ta dube shi ba. A ciki akwai takarda:

"Ka ce ubana ɓarawon siminti ne. Kada ka sake zuwa. Sunana Risikat."

Ya karanta sau biyu, ya ninke, ya koma bakin aiki. Bai faɗi haka ba, bai ma san an faɗa ba. Abin da ya sani shi ne kwana tara ke nan leburorinsa suna fama da daɓen, sun karya ƙotar guduma uku da bakin diga ɗaya. Kankaren da aka rage wa siminti da ƙafa ma murƙushe shi ake yi. Ya ɗauki wani gutsure mai girman tafin hannu, ya naɗe a takarda, ya kai wa Alhaja da kansa ya roƙe ta ta ba 'yarta.

"Risikat, ga aikin Baba. Ki sa taɓarya ki buga, in ya fashe to na faɗa. Ban taɓa fasa kankare mai ƙarfinsa ba. Abin da ban gane ba, mutumin da ya iya kwaɓi haka, me ya sa ya zuba fili guda ba tare da ya yanka masa layin numfashi ba, ya kuma sa masa baƙin launi a rana irin tamu?"

Ta buga da taɓarya. Taɓaryar ce ta tsage a baki.

Amsar tambayarsa kuwa ta san ta, domin ita ke karanta wa mahaifinta takardun Turanci. Ta tuna ranar da injiniyan kamfanin ya aiko da umarni a rubuce: a zuba a haɗe ba yanka, a sa baƙin launi, a goge sumul kamar yadda ake yi a ƙasarsu, a kuma gama cikin kwana huɗu saboda bikin Kirsimeti. Alhaji ya je ya ce ba zai yi ƙarko ba, aka ce masa ba shawara aka kira shi ya bayar ba. Takardar tana nan a ƙasan akwatin ƙarfensa. Ya ƙi kai ta ko'ina, wai shi ba zai je ya tsaya yana rantse-rantse a gaban sa'an ɗan cikinsa ba.

Risikat ba ta taɓa buɗe akwatin nan ba sai da izini. Ranar Juma'a, bayan ya fita masallaci, ta buɗe, ta aika wa Ganiyu takardar.

"Ganiyu, ga ta nan. In Baba ya gane, ban san abin da zai yi mini ba. Na yi maka mummunan zato, ka yafe. Aduke."

Ganiyu ya kwana biyu da takardar a aljihu. Injiniyan da ya rubuta ta yana nan a kamfanin, kuma shi zai duba sabon aikin ya ce ya yi ko bai yi ba. Malam Hambali ya ce masa, "Ka san in ka kunyata Bature a gaban Bature, kai za a kora."

"Na sani, Baba."

"To, Allah ya kiyaye."

Ranar Litinin da safe manaja ya zo duba aiki tare da injiniyan, Kazeem yana biye da su da fayil. Ganiyu ya ɗauko wani babban gutsure ya ajiye, ya miƙa wa manaja guduma, ya ce da ɗan Turancinsa ya gwada. Manaja ya buga sau uku, gudumar tana dawowa. Sannan Ganiyu ya miƙa masa takardar.

Manaja ya karanta, ya dubi injiniya. Injiniya ya yi ja har wuya. Suka koma gefe suna magana ƙasa-ƙasa. Da aka buɗe fayil ɗin, sai ga shi maganar rage siminti injiniyan ne ya rubuta ta tun bara, kafin Ganiyu ya taka kulob ɗin. Kazeem ya duƙufa yana gyara takardu.

Ba a kori Ganiyu ba, ba a kuma yabe shi ba. Manaja dai ya ce ya yi yadda ya ga ya dace, amma in wannan ma ya tsage ko ya ƙona ƙafa, kada ya sake neman aiki a kamfanin. Ya kuma sa aka rubuta wa Alhaji Yekini wasiƙa ta layi huɗu, wadda ta wanke shi daga zargin rage siminti.

Ganiyu ya yi aikinsa. Ya sa aka kawo farin yashi daga kogin Challawa, ya haɗa saman da farin siminti. Da asuba suke kwaɓi, kafin hantsi sun tashi. Ya raba filin murabba'i-murabba'i, ya bar siririn layi tsakani don in zafi ya buɗa shi ya samu wurin motsi. Ya ba shi 'yar gangara yadda ruwa zai gudu waje. Kafin ya kama jiki ya ja tsintsiya a kai don ƙafa ta samu abin riƙewa. Sannan buhuna da ruwa, kwana bakwai.

A gida kuwa, da wasiƙar ta iso, Risikat ce ta karanta. Alhaji ya tambaye ta yadda aka yi Turawa suka ga takardar da ke akwatinsa. Ta durƙusa ta faɗa masa. Kwana shida bai amsa gaisuwarta ba.

Ranar da aka yaye buhunan, da tsakar rana, Ganiyu yana tattara kayan aiki sai ya hangi wani dattijo da babbar riga yana shigowa ta ƙofar ma'aikata. Ya kwanta rub da ciki ya gaishe shi irin gaisuwar Yarabawa. Alhaji Yekini ne. Ya cire takalmansa, ya tattare riga, ya hau daɓen. Ya taka daga wannan kusurwa zuwa waccan a hankali, ya dawo. Ya tsaya cak a tsakiya, inda rana ta fi duka, ya daɗe. Ya sa aka watsa ruwa, ya goga ƙafa. Sannan ya tsuguna ya bi layin da yatsa.

"Wa ya koya maka jan tsintsiya?"

"Malam Hambali, Baba."

"Gangarar kusurwar can ta yi yawa."

"Haka ne, Baba."

Ya mayar da takalmansa. Sai da ya kai ƙofa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ka ce wa Hambali ina gida ranar Alhamis."

Aka sa rana bayan damina. Daɓen ya sha ruwan Agusta ya sha rana, bai tsage ba. Kazeem ya nemi canjin aiki zuwa Gusau. Alhaja Basirat ta shiga Kantin Kwari ta fito da atamfa shuɗiya, duk matan layin suka yi anko.

Ana jibi ɗaurin aure Ganiyu ya zo zance da la'asar, karo na farko da aka shimfiɗa masa tabarma a zauren. Risikat ta zauna nesa kaɗan, ta ja mayafi.

"Aduke, kin yi shiru."

"A takarda na saba da kai. Da baki ban san me zan ce ba."

"To ki rubuta ki miƙo mini."

"Ba zan rubuta ba. Na gaji da ɓuya." Ta ɗan ɗago. "Ranar da ka kai musu takardar, ka ji tsoro?"

"Ƙwarai kuwa. Ke fa, da kika buɗe akwatin?"

"Sau uku makullin yana faɗuwa."

Suka yi dariya a hankali, don Alhaji yana ciki.

An ɗaura aure ranar Asabar da hantsi a ƙofar gidan, Yarabawan Fagge da na Sabon Gari da magina abokan Malam Hambali suka cika layin. Aka raba goro, makaɗa suka ɗauka. Da yamma, kafin a kai amarya, aka shigo da su biyun suka durƙusa a gaban Alhaji Yekini. Ya daɗe yana kallon 'yarsa. Ya fara addu'a da Yarabanci, sannan ya koma Hausa.

"Ganiyu, ban so ba ka ita ba, kowa ya sani. Yanzu na ba ka, da zuciya ɗaya. Ke kuma Risikat, na yafe miki, duniya da lahira. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku ga jikokinku."

Ɗakin ya amsa da amin. Alhaja Basirat ta share ido da bakin gyale, ta kama hannun 'yarta ta ɗora a na mijinta, ta ce su tashi, mota tana jira.