Abin da Kawu Sambo ya gani a siririn madubi

Yaya Ladidi ta ce mu matso, ta rage murya. Ta ce abin ya faru da Kawu Sambo ne yana sojan ruwa, lokacin da aka tura shi horo wata ƙasa mai nisa, a jirgin da ke tafiya ƙarƙashin teku.

Jirgin ba shi da taga. In za a ga waje, sai a ɗaga madubin leƙe, wani dogon bututu mai fito da kai saman ruwa. Akwai mai kauri na dube-dube, da shi ake duba teku da sararin sama. Akwai kuma siriri na kai hari, wanda da ƙyar ake hango kansa. An yi shi ne don ka ga mutum, shi bai gan ka ba.

Wata la'asar sakaliya Kawu ya ɗaga mai kaurin, sai ya hango mace tana wanka a tsakiyar teku. Ba kwalekwale, ba tudu. Maimakon ya kau da kai, sai ya sauke wannan, ya ɗaga siririn, ya jawo ta kusa.

Ya daɗe yana kallo. Can ya tambayi abokin aikinsa, mai kula da wani madubin na uku, wato mai kyamara, ko ya ga wani abu a allo. Ya ce ruwa kawai.

Sai a lokacin Kawu ya duba ƙafafunta. A kan ruwa take tsaye, diddigenta na gaba.

Ta juyo a hankali. Ta dubi ƙwayar madubin. Murya ta shiga kunnensa, da Hausa, irin ta mahaifiyarsa mai rasuwa.

"Sambo, haka na rene ka? Leƙe ba sallama?"

"Ki yafe mini, Inna."

"Tunda kallo kake so, je ka yi ta yi."

Tun daga ranar, duk wanda Kawu ya haɗa ido da shi, sai ya ga abin da mutumin ya fi ɓoyewa. Ya ajiye aikin ya dawo gida. Da yayansa ya fito tarbarsa, kallo ɗaya Kawu ya yi masa, ya durƙushe yana kuka. Har yau bai faɗi abin da ya gani ba.



Yaya Ladidi ta ce kada ɗayanmu ya kuskura ya leƙa inda bai yi sallama ba, ko da ya tabbata shi kaɗai ne a wurin.

"Gobe in kun je gaida Kawu kuka ga kansa a ƙasa, ku bar shi. Kada ku ce ya ɗago."