Kalmar Sirrin da Na Faɗa a Jiga Birni

Sunana Jelani, a Jega nake saita wa mutane rauta, na'urar nan da ke raba intanet a cikin gida. Ina da wata ɗabi'a. Duk wanda na yi wa aiki, sunan ɗiyata nake sa masa a matsayin kalmar sirri, don kar in manta. Ita ce ta fari, kuma kun san mu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Shekararta shida, ban taɓa furta shi ba. "Yarinyar nan" nake cewa. Yatsana kaɗai ke rubuta shi.

Ran wata Laraba, Alhaji Mamuda, manomin albasa a Jiga Birni, ya kira ni. Ya sayi rauta don ya riƙa ganin fuskar ɗansa da ke karatu a waje. Na isa bayan la'asar. Muka zagaye gidan kaf, sabis ko ɗigo babu, sai a bayan gida, jikin wata tsohuwar rumfar ajiyar albasa da aka daina amfani da ita. Nan na rataye na'urar, na jona ta da batirin sola.

Aka kira magariba.

"Bar wanga aiki sai an sallame," in ji Alhaji.

Na ce minti biyu ne. Kaico, ni da bakina! Ya tafi masallaci, ya bar ni ni kaɗai.

Na sa layi. Na buɗe shafin saiti a wayata, na rubuta adireshin kamfanin layin, na ba na'urar suna, na sa kalmar sirri yadda na saba. Fitilarta ja. Na jira. Ta koma koriya.

Sai gyare suka yi tsit.

Warin ruɓaɓɓiyar albasa ya taso, mai ɗumi, alhali rumfar wayam take. A ciki, busasshen ɓawo na ƙara, kamar ana taka shi a hankali.

"Mai gyara," wata murya ta ce ƙasa-ƙasa. Muryar tsohuwa. "Gaya man kalmar."

Na ɗauka Iyatu ce, mahaifiyar Alhaji, da na sani tun da. Idona na kan waya. Tsohuwa ta tambaya, ya zan yi? Ban ko ɗaga kai ba.

"Najiba," na ce.

Sai da ya fita na ji nauyinsa a harshena.

"Najiba," muryar ta maimaita. Ba da ni take ba. Kira take yi.

Na dubi jerin waɗanda suka hau na'urar. Ɗazu wayata ce kaɗai. Yanzu biyu ne. Na biyun ba waya ba ce, ba shi da lamba. Suna kawai: Najiba.

Daga cikin rumfar, ƙaramar muryar da na fi sani a duniya ta amsa.

"Na'am."

Na fizge wayar batirin. Fitilar ba ta mutu ba.

Na leƙa. Duhu, da wani abu a tsugune, ya fi rumfar tsawo, ya lanƙwasa wuya a jikin rufi. Numfashinsa ya taɓa fuskata.

Ban san yadda na kai ƙofar gida ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Na ci karo da Alhaji, na riƙe rigarsa ina cewa Iyatu, Iyatu.

"Wace Iyatu? Tun daminar bara munka rufe ta."

Na hau babur, ban tsaya ba sai unguwarmu Firchin, a Jega. Na tarar da matata Aminatu a tsakar gida, ta rungume yarinyar.

"Tuwo taka ci," ta ce. "Sai ta waiga bango ta ce na'am. Shi ke nan."

Yau wata bakwai. Tana ci in an ba ta, tana barci in an kwantar da ita. Ba ta magana. An yi ruƙiyya a Jega, mun kai ta wurin malamai har Maiyama. Na koma Jiga Birni da rana tsaka, na soka allura a ramin na'urar na goge komai, na sake saiti da wata kalma. Jerin na nan, biyu. Alhaji ya ƙone rumfar. Bai canza komai ba.

Na bar sana'ar. Kunyar ma na bar ta. Kullum ina durƙusawa gabanta, in kira sunanta da ƙarfi, har maƙwabta su ji. Najiba. Najiba.

Sau ɗaya take amsawa a yini, da magariba, fuskarta na bango. Ba ni take amsa wa ba.