Parakou Ta Fi Kusa

Nuruddeen ya fara ganin Salamatu a rumfar albasar mahaifinta a kasuwar Malanville, makon da ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare. Shi ɗalibin aikin noma ne a jami'ar gwamnati ta Parakou, ya zo hutu. Ya sayi albasa, washegari ya dawo ya ƙara.

"Gidanku ba a cin komai sai albasa?" ta ce.

"Mai awon nake zuwa gani."

Kafin hutu ya ƙare ya tura kawunsa neman aurenta. Mahaifinta, Alhaji Ɗangana, ya ƙi. Ya riga ya ƙudura sayar da gonar shinkafarsu ta Garou don ya kai Salamatu wata jami'a mai tsada a Kotonu, inda Abdulwasi'u, ɗan amininsa, ya gama har ya samu aikin banki. Kowa ya gane surukin da yake so.

'Yan kabu-kabu suka gaya wa Nuruddeen har an sa rana. Ya tura saƙo: "Allah ya sanya alheri, matar banki."

Ta amsa: "Kishi bai yi maka kyau ba, Nurina. Ban amsa wa kowa ba. Ka jira."

Ta roƙi mahaifinta su je neman shawara wurin baban Abdulwasi'u kafin a sayar da gonar. Suka same shi zaune shi kaɗai, hoton ɗansa da rigar digiri rataye a bango.

"Karatun ya biya, Alhaji," ya ce. "Aiken kuɗi bai yankewa. Amma jirgina na ruwa na sayar don karatun, kuma yaron ya zama na Kotonu. Jikana ma, ɗan uwargidansa, a waya na san shi."

A hanyar gida Alhaji ya juyo ya dubi Salamatu.

"Ɗiyata, Parakou akwai likitancin da kike so?"

"Akwai, Baba."

"In kin shiga motar safe fa?"

"Kafin la'asar ina gida."

"To, gonar ta zauna. Ki ce wa yaron nan kawunsa ya dawo. Sharaɗi ɗaya: ba ki barin karatu."

An ɗaura auren bayan girbi. Da za su shiga motar Parakou, Alhaji ya dafa kansu.

"Allah ya yi muku albarka. Kai kuma Nuruddeen, duk hutu ka kawo min ita, in ba haka ba ni zan zo, kuma ba ranar tafiya."