Yatsa a Kan Wayar Amfuli

Duk mai haɗa amfuli, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ya san gwajin nan: ka ɗora yatsa a kan wayar shigar sauti, lasifika ta yi gurnani. Jikin mai rai ke sa ta.

Muhuyi na shagonsa a Zongo bayan isha'i, ya gama liƙa taransisto biyun da ya ciro daga rediyon wata mota da ta ƙone a hanyar Calavi. Gobe kwamitin juyin juya hali ke son amfulin don taro. Ya taɓa wayar, lasifika ta amsa.

Sai ga wani dogon mutum a ƙofa, ba sallama, yana warin ƙonanniyar roba.

"Kamarad, mun tashi," in ji Muhuyi.

"Abin da ka ciro daga motar nan, kayana ne."

Mutumin ya yo kansa. Muhuyi ya kai masa suka da ƙarfen dalma mai zafi. Mutumin ya cafke ƙarfen da tafin hannu, ya murɗe hannun Muhuyi har ƙashi ya ce ƙas, ya buga fuskarsa da tebur.

Sannan a hankali mutumin ya ɗora yatsarsa a kan wayar shigar sautin.

Muhuyi, baki cike da jini, ya kasa kunne. Fitilar amfulin na ci. Lasifikar ko tari ba ta yi ba.